Sabon reshen gidan kaza ba shi ne ci gaban Kano ba

Duk sanda wani babban kamfanin abinci daga Legas ya buɗe reshe a Kano, sai Facebook ya cika da hotunan balan-balan da layin motoci, ana ta rubuta "Kano ta ci gaba". Kwanan nan ma na sake ganin irin wannan murna, har wani yana cewa yanzu ne garin ya fara kama da birni. Garin da ya shekara ɗaruruwa yana ciyar da fatake daga Agadas da Barno, wai sai yau da aka soya kaza a bayan gilashi ya zama birni.

Ba ni da rigima da kazar. Na ci, yarana ma suna so. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu cewa ai kasuwa ce, wanda ya fi iya girki shi zai yi ciniki. Da a baki ake yanke hukuncin, da an gama tun ba a fara ba. Wa zai haɗa gurasa bandashe da ta sha ƙuli da man gyaɗa, ko masa mai zafi da miyar taushe, da shinkafar da aka auna a kwali? Kokawar a kan fili ake yin ta, da wutar lantarki, da jari, kuma a nan ƙaramin mai abinci ba shi da ko ɗaya.

Akwai wata Hajiya da na daɗe ina cin shinkafa da wake a wurinta, a wata kwana mai yawan jama'a. Benci huɗu ne da labule, sai manyan tukwane a baya. Ta san wanda ba ya son yaji, ta san ɗan adaidaita sahun da zai ci yau ya biya ranar Juma'a. Da wani kamfani ya zo ya yi wa mai ginin tayin kuɗin hayar shekaru a dunƙule, sai aka ba ta wa'adi. Yanzu tana can cikin lungu, inda sai wanda ya san ta ne zai je. Girkinta bai canja ba. Kwanar ce aka saye.

Ga kuma tsadar da kowa ya sani. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, man janareta ya zama abin da ake lissafi da cokali. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda ya kamata su fi samun wuta a rana, naira 225 kowane yunit. Kamfanin da ke da rassa a jihohi da yawa yana iya raba wannan nauyi, yana sayen kaji da tirela, yana iya jure asarar wata shida a reshe ɗaya. Hajiya kuwa kullum da safe take aika yaro kasuwar 'Yankaba, farashin tumatir na ranar shi ne farashinta.

Za a ce ai suna ɗaukar matasanmu aiki. Suna ɗauka, amma a tambayi inda ribar take kwana. Kuɗin Hajiya kafin magariba ya bi ta hannun mai gawayi, da mai markaɗe, da mahauci, da mai ruwa, da matan da ke mata wanke-wanke. Na kamfani kuwa, bayan albashi da haya, hedikwata yake nufa.

Kuma mun taɓa ganin wannan wasa. Kamfanin UAC ya buɗe gidan abinci na Mr Bigg's a Legas a 1986, ya bazu ƙasar nan har ya zama wurin da saurayi ke kai budurwa don burgewa. A 2013 aka sayar wa kamfanin Famous Brands na Afirka ta Kudu kashi 49 cikin ɗari na harkar, yau kuma yaro ɗan shekara goma sha biyar da wuya ya san sunan. Chicken Republic da ya fara a 2004 da Domino's da ya shigo Najeriya a 2012 su ne 'yan yayi yanzu. Shoprite babban kanti ne, ba gidan abinci ba, amma darasin ɗaya ne: da kiɗa aka buɗe shi a Ado Bayero Mall a 2014, a Janairun 2024 ya tattara komatsansa. Babu laifi a ciki, haka jari yake, in lissafi bai fita ba sai ya kama gabansa. Sai dai hayar da ya ɗaga a unguwa ba ta sauka bayan tafiyarsa.

Masu cewa a hana kamfanonin nan shigowa gaba ɗaya sun manta da dubban 'yan'uwanmu da ke gasa tsire a titunan Legas da Fatakwal.

Namu ma da laifinsu, kar a ce na ɓoye. Mutum zai shiga da iyalinsa ya tarar babu wurin wanke hannu na kirki, babu banɗaki, ƙuda na shawagi a kan miya. Da yawan masu zuwa gidan kaza sanyin na'ura da tsafta suke saye, ba kazar ba. Amma da me za ta gyara, wadda banki ba zai ba ta rance ba don ba ta da takardar fili, kuma ba ta san ranar da jami'ai za su zo su ce rumfarta ta tare hanya ba?

Manyan da ke zuwa yanke ƙyallen buɗe reshe su taɓa zuwa wurin irin su Hajiya mana. A ware musu wurare a bakin manyan tituna da haya mai sauƙi, da ruwa, da rancen da bai wuce ƙarfinsu ba, a kuma rage masu zuwa da rasit kala-kala. Ranar da na je lungun na ƙarshe, ta rage tukunya ɗaya, ta sallami biyu daga cikin matan da ke mata aiki.