Zaɓen Norway: Støre ya ci, amma akalar ba a hannunsa kaɗai take ba

A ƙarshen 2024 masu sharhi da dama sun riga sun cire rai da gwamnatin firaministan Norway Jonas Gahr Støre. Farin jinin jam'iyyarsa ta Leba ya zube, har 'yan gida na ƙorafi. Sai ga shi a zaɓen 8 ga Satumban 2025 Leba ta zo ta ɗaya da kujeru 53 cikin 169 na majalisar dokokin ƙasar, Storting, ɓangaren hagu baki ɗaya ya tashi da 88, na dama 81.

A ganina, ba Støre ne ya farfaɗo da jam'iyyar ba. A Janairun 2025 jam'iyyar manoma ta Senterpartiet ta fice daga gwamnati kan dokokin makamashi na Tarayyar Turai, sai Støre ya ɗauko Jens Stoltenberg, wanda ya shekara 10 yana jagorantar ƙungiyar NATO, ya damƙa masa ma'aikatar kuɗi. Ga Rasha a maƙwabtaka ta arewa, ga Trump ya koma mulki a Amurka. Mutanen da hankalinsu ya tashi sun zaɓi fuskar da suka sani.

Wadda ta fi kowa samun riba kuwa Sylvi Listhaug ce. Jam'iyyarta ta FrP, mai adawa da yawan baƙi da yawan haraji, ta ninka ƙuri'unta ta kai kujeru 47, musamman da goyon bayan samari. Jam'iyyar Høyre ta Erna Solberg, wadda ta mulki ƙasar shekara 8, ta ƙare da 24 kacal.

Harajin dukiya ne ya fi zafi a yaƙin neman zaɓen, harajin da bai wuce kashi 1.1 cikin 100 ba, amma ya sa attajirai irin su Kjell Inge Røkke suka kwashe kayansu zuwa Suwizalan. Abin mamaki, ana wannan cacar baki ne a ƙasar da asusun man fetur ɗinta ya kai wajen dala tiriliyan 2. Shi ma asusun bai tsira ba: da aka gano yana da hannun jari a kamfanin Isra'ila mai gyara injinan jiragen yaƙi, sai da ya janye daga wasu kamfanonin Isra'ila a watan Agustan 2025.

A nan gizo ke saƙar. Ana buƙatar ƙuri'u 85 kafin kasafin kuɗi ya wuce, don haka dole Støre ya lallaɓa ƙananan jam'iyyu huɗu. Jam'iyyar 'yan kare muhalli na son a daina neman sabon mai, jam'iyyar manoma ba ta yarda ba. Jam'iyyun SV da Rødt masu ra'ayin gurguzu na son ƙarin haraji kan masu hannu da shuni, da ƙara matsa wa Isra'ila. Kuma tsarin mulkin Norway bai ba da damar rusa majalisa a sake zaɓe ba, ko da tafiya ta ƙi. Da waɗannan huɗun zai riƙa zaman ciniki kowace shekara har 2029, Listhaug na gefe tana jiran duk abin da zai faɗo.