Nasiha ga Matasan da ke Zaune a Bakin Ƙofar Darakta

Ya ku 'yan'uwana matasa, da yawa daga cikinku kuna raina kujerar babban mataimaki a ofis, wato sakataren darakta, kuna ganin aikinta bai wuce amsa waya da buga takarda ba, alhali idanunku suna kan kujerar darakta. Darakta dai shi ke fitar da manufa, ya amince da kasafin kuɗi, ya kuma tsaya gaban hukumar gudanarwa ya amsa tambayoyi idan abu ya ɓaci. Amma fayil ɗin da zai fara buɗewa da safe, da baƙon da zai samu ganinsa yau, da wanda za a ce wa ya dawo mako mai zuwa, duk ta hannun mataimakinsa suke bi.

Tun a 1916 Henri Fayol, injiniyan ma'adinai ɗan ƙasar Faransa, ya kasa aikin shugabanci gida biyar: tsarawa, shiryawa, ba da umarni, daidaitawa da sa ido. Umarni na darakta ne, ba ja, amma daidaita sassa da bibiyar abin da aka zartar a taro, galibi a kan teburin mataimaki suke kwana.

A nan jarrabawarku take, domin ikon da kuke gani a hannunku aro ne. Kada ku ce "Oga ya ce" a kan abin da bai faɗa ba. Kada ku danne fayil ɗin wani a ƙasan tari don bai gaishe ku da kyau ba, kada kuma ku karkatar da rahoton taro don faranta wa wani sashe, domin bayan shekaru, sa'ad da mahalarta suka watse, wannan takardar ce za a ɗauko a yi hukunci da ita. Ita kanta kalmar sakatare daga kalmar Latin mai nufin sirri ta samo asali, saboda haka albashin ma'aikaci da takardar korar da ba a riga an miƙa ba, ba abin hira ba ne ko da aminin ƙut-da-ƙut.

Wanda kuma Allah ya ɗaukaka ya zama darakta a cikinku, kada yarda da mataimaki ta sa ya riƙa sa hannu a takardar da bai karanta ba, domin ranar da masu binciken kuɗi suka zo, sunan da ke ƙasan takardar shi za su kira.