Ciao: gaisuwar da asalinta bawa ne

Duk mai kallon ƙwallon Italiya ya sha jin "ciao", wadda ake furtawa "cawo". Da ita ake tarbar aboki, da ita ake sallama. Amma ma'anarta ta asali ita ce bawa.

Daga birnin Venis ta fito. Can mutum kan ce wa na gaba da shi "s-ciao vostro", wato "bawanka ne", don girmamawa, kamar yadda talaka ke ƙasƙantar da kai a gaban sarki. Da baki ya gaji sai aka yar da rabin maganar. A Italiyanci bawa shi ne "schiavo", daga Latin ɗin tsakiyar zamani "sclavus". Sauyin sautin ba abin mamaki ba ne, domin ta irin wannan hanya ce "clavis", mabuɗi, ya koma "chiave".

To ga inda nake so mu tsaya. Rumawan farko "servus" suke kiran bawa. "Sclavus" kuwa sunan al'umma ne, Silabawa, kakannin mutanen Poland da Sabiya da Rasha. A ƙarni na 9 da na 10 an kama su da yawa ana sayarwa, har sunansu ya zama sunan bauta kanta. Larabawa sun san su da Saƙaliba, kuma sun cika fadar Ƙurɗuba ta Andalus, a Sifaniyar yau, a zamanin Abdurrahman na Uku. Attajiran Venis da Jenowa sun daɗe suna jigilar bayi daga Baƙin Teku, wanda ke arewacin Turkiyya. Faransanci da Sifaniyanci da Turanci duk daga wannan tushe suka samo kalmarsu ta bawa.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji ana magana kamar dama can Allah ya halicci baƙar fata don bauta. Wallahi harshen Turawa da kansa ya ƙaryata wannan. Farare ne suka fara ɗaukar sunan. Duk wanda ba shi da ƙarfin kare kansa shi ake kamawa, ko wane launi ne. Sai daga baya kasuwar ta juyo gaɓar Afirka: a 1444 aka yi babban cinikin bayin Afirka a garin Lagos na Fotugal, kuma bayan Turkawan Usmaniyya sun ci Kustantiniya, wato Istanbul ta yau, a 1453 hanyar Baƙin Teku ta fara toshewa ga 'yan kasuwar Italiya.

Yaranmu suna karanta cinikin bayi a makaranta, amma kusan kullum daga jiragen Atilantika ake faro musu labarin. Malamai, don Allah ku riƙa faro shi daga Silabawa.