Gashin ƙashi ta kiran bidiyo: ni na riƙe wayar

Ranar da aka ce likitar gashin ƙashi za ta ci gaba da duba Baba ta kiran bidiyo, ni na fara jan tsaki. Mutum an yi masa aikin sauya gwiwa, ƙafa ta kumbura suntum, sannan a ce ta waya za a gasa shi? Na ce wannan gudun aiki ne kawai aka ɗinka wa riga. Yau wata huɗu ke nan, na zo in janye maganata, amma ba duka ba.

Ina ganin sunan da muke kiran aikin ne ya ruɗe mu. Da an ce "gashi", sai hankali ya tafi kan na'ura mai ɗumi, da tausa, da likita yana murza tsoka, majiyyaci kuwa yana kwance ana yi masa. Alhali kaso mafi tsoka na aikin atisaye ne da majiyyaci zai yi da kansa, safe da yamma, ranar da likita ke kallo da ranar da ba ya kallo. Zama da likita bai cika wuce rabin awa ko awa guda ba. Sauran makon duk a gida yake. Gwiwa ba ta lanƙwasuwa don an taɓa ta sau ɗaya a mako.

Zaman farko ni ne mai riƙe waya, kuma na yi shirme son raina. Fuskar Baba nake ta haskawa kamar ana gaisawa da ɗan'uwa. Ta ce, "Ɗan ja baya, ƙafar nake son gani tun daga ƙugu har yatsu." Na jingina wayar a ƙasa da littattafai biyu. Sai ta ce Baba ya tashi tsaye daga inda yake zaune. Ya yi lilo sau uku, ya dafa hannun kujera, ya jibga nauyinsa duka kan lafiyayyar ƙafar, sannan ya miƙe. Ta yi ɗan shiru, ta ce, "Baba, a wannan kujerar kuke wuni?" Ya ce e. Kujera ce gajera mai laushi, wadda mutum ke nutsewa a ciki. Sau uku muka je asibiti kafin nan, ba wanda ya ga wannan, domin kujerar asibiti doguwa ce mai tauri, Baba yana tashi daga kanta tsaf kamar ba shi ba. Daga nan ta sa na zaga da ita gidan a cikin waya: tsayin gado, matakalar ƙofa, ƙaramar dardumar da ke zamewa a bakin banɗaki. Ta ce a ɗauke dardumar yau, ba gobe ba.

Wannan shi ne abin da ban yi lissafi da shi ba. Ina ta ƙirga abin da waya za ta rage, ban ƙirga abin da za ta ƙara ba.

Daga baya na je na karanta, sai na ga ashe ba sabon abu ba ne. A Kanada, a shekarar 2015, an wallafa wani gwaji da aka yi da mutum 205 waɗanda aka sauya wa gwiwa: wasu likita yana zuwa har gida, wasu ta bidiyo, sakamakon 'yan bidiyo bai gaza na sauran ba. A Amurka, a 2019, an gwada da mutum 124 masu shanyewar ɓarin jiki da ke neman dawo da motsin hannu, nan ma haka. A 2024 mujallar Lancet ta buga wani gwajin daga Ostireliya, mutum 394 masu daɗaɗɗen ciwon gwiwa, aka sake samun kusan amsa ɗaya. Annobar korona ce a 2020 ta tura asibitoci kan wannan hanya ala tilas, amma masu bincike sun riga ta. Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.4 ne ke fama da larurar da irin wannan kulawar farfaɗo da jiki za ta amfana. Ko an so ko an ƙi, babu isassun hannaye da za su taɓa kowa duk mako.

To, ga inda ban janye ba.

A mako na uku sha-raɓar Baba ta ƙara kumbura. Likitar ta ce in taɓa, akwai zafi? In danna, yana jin ciwo? Na ce kamar akwai, kamar babu. Me na sani? Nan take ta dakatar da zaman, ta ce mu tafi asibiti yanzu a ɗauki hoton jijiya, domin bayan irin wannan aiki jini kan daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya tsinke ya tafi huhu. Alhamdu lillahi ba shi ba ne. Amma a ranar na gane cewa ni ne hannunta, kuma hannun da bai je makaranta ba. Ta yi daidai da ba ta yi kasada ba. Wanda ya san aikinsa ya san inda waya ta ƙare. Mai ciwon baya da ya daina jin taɓawa tsakanin cinyoyinsa ko fitsari ya ƙi fita, ko yake zuba bai sani ba, wannan ba na bidiyo ba ne, na gaggawa ne. Wanda jiri ke ɗiba, ko tsoho mai yawan faɗuwa, ba a ce masa ya tsaya da ƙafa ɗaya alhali ba kowa kusa da zai tare shi.

Abin da ba a cika faɗa ba kuma shi ne, wahalar ba ɓacewa take yi ba, komawa take yi kan 'yan gida. An hutar da Baba shiga mota da ƙafa a miƙe, an hutar da shi layi, gaskiya ne. Amma dole wani ya bar abin da yake yi ya riƙe waya, ya ƙirga atisaye, ya sake kira idan intanet ta tsinke ana tsakiyar magana, hoto ya daskare da ƙafa a sama. Wanda ba shi da mai yi masa wannan fa? Su nake tunawa idan na ji ana tallar abin kamar ya dace da kowa.

Sannan don Allah a bambance. Bidiyon atisaye da ake turawa a WhatsApp ko a gani a YouTube ba shi ne ganin likita ta waya ba. Mai bidiyon bai san ƙafarka ba, ba zai ce maka "tsaya, kana karkatar da ƙugu" ba. A tambayi lasisin mai duba ka, a kuma tambaya ko ana naɗar zaman, tunda jiki ake buɗewa.

Mu dai haɗawa muka yi: gwajin farko ido da ido, zaman mako ta waya, duk bayan wata guda a je ta taɓa da hannunta. A zuwanmu na ƙarshe ta ɗora ma'aunin kusurwa a gwiwar, ta ce digiri 115. Baba ya tambaye ta ko yanzu zai iya komawa tsohuwar kujerarsa. Ta ce tukuna.