Jinin haihuwa ba zai jira shekarar 2030 ba

A watan Satumban 2015 ƙasashen duniya suka amince da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 a Majalisar Ɗinkin Duniya, suka ɗiba wa kansu wa'adin shekarar 2030. Muradi na uku na lafiya ne, kuma alƙawarin farko a cikinsa shi ne matan da ke rasuwa ta dalilin ciki ko haihuwa kada su kai 70 cikin kowace haihuwa 100,000. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna a Najeriya adadin ya haura 1,000, wato mata kusan 82,000 a shekara guda, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duk duniya. A wasu ƙasashen Turai bai kai 5 ba.

Wannan tazara tana nan a cikin Legas. Unguwar Hausawa ta Idi-Araba na maƙwabtaka da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH), amma kusanci bai hana mace haihuwa a ɗaki ba idan mijinta yana tsoron kuɗin da za a caje shi. Haka abin yake a Agege da Mile 12 da Alaba Rago, ga kuma cunkoson hanya da kan mayar da tafiyar minti 20 ta zama awa biyu.

Babban abin da ke kashe mai jego shi ne zubar jini, kuma an daɗe da sanin maganinsa. Da zarar jariri ya faɗo ana yi wa uwa allurar oksitosin domin mahaifa ta tsuke. Allurar ba ta da tsada, sai dai tana son firiji mai sanyin digiri 2 zuwa 8. Idan wuta ta daɗe a ɗauke a asibitin sha-ka-tafi, ko an ajiye ta a kantin magani cikin zafi, ƙarfinta na raguwa ba tare da kamanninta sun sauya ba. Nas za ta yi allurar da zuciya ɗaya, jini kuwa ya ci gaba da zuba. Inda babu firiji, ƙwayar misoprostol ta maikirogiram 600 na maye gurbinta. Idan jinin ya riga ya ɓalle, allurar taranekzamik na taimakawa, amma dole a ba da ita cikin awa uku da haihuwa. Bayan nan amfaninta ya wuce.

Matsala ta biyu ita ce ido ba ya auna jini. Idan ya kai mililita 500, wato rabin lita, an shiga haɗari, amma zani da katifa sukan shanye shi har sai mace ta fara jiri. Wani gwaji da aka wallafa a 2023, wanda asibitocin Najeriya na ciki, ya nuna cewa shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa, tare da ba da magungunan gaba ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya, ya rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. Leda ce fa kawai, da horo.

Saboda haka ban yarda cewa talauci kaɗai ne ya riƙe mu ba. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 na kasafi ga lafiya. Kasafin tarayya da wuya ya wuce kashi 6. Fiye da kashi 70 na kuɗin jinya a ƙasar nan daga aljihun majiyyaci yake fita, duk da dokar 2022 da ta wajabta inshorar lafiya. Da Amurka ta dakatar da tallafinta a watan Janairun 2025, kowa ya ga yadda muka jingina da bangon wasu. Firiji mai aiki da hasken rana da ledar awon jini a kowace cibiyar lafiya ta unguwa ba su fi ƙarfin gwamnatin jihar Legas ba.

Mu ma akwai namu aikin. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na iya yi wa iyalai rajistar Ilera Eko, inshorar lafiya ta jihar Legas, a dunƙule, kamar yadda ake zubin adashi. Mai ciki ta je awo sau takwas kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, a duba hawan jini da rukunin jininta tun da wuri. Kafin watan haihuwa ya kama, maigida ya tanadi 'yan'uwa biyu da za su ba da jini, da lambar direban da zai ɗaga waya ko da ƙarfe biyun dare ne.