Ba Arsenal ce ta fara gama kaka ba a doke ta ba

Masu kallon ƙwallo da yawa sun ɗauka Arsenal ta kakar 2003/04 ce ta fara kammala gasar Ingila ba a doke ta ba. Sam, ba haka ba ne. Preston North End ta riga ta tun a kakar farko, 1888/89, lokacin ƙungiyoyi 12 ne kacal, babu ko ɗaya daga Landan. Cikin wasa 22 ta ci 18, ta yi canjaras 4, ta tashi da maki 40, don maki biyu ake ba mai nasara a zamanin. Abin da ya fi burge ni shi ne Kofin FA: ta ɗauke shi a kakar ba a zura mata ƙwallo ko ɗaya ba, ta lallasa Wolves 3-0 a wasan ƙarshe.