Kawunan yumɓu 108 na 'yan matan Chibok, da abin da ya rage mana mu yi a Arewa

A ƙarshen 2022 an baje kawuna 108 na yumɓu a wani zauren zane-zane da ke Legas, kowanne a madadin yarinya ɗaya cikin 'yan matan Chibok da har lokacin ba su dawo gida ba. Wata 'yar Faransa, Prune Nourry, ita ta jagoranci aikin tare da ɗaliban jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, a salon tsofaffin kawunan Ife, kuma da hotunan da iyaye suka bayar aka fitar da kamannin.

Ni dai ina goyon bayan aikin nan ɗari bisa ɗari, saboda tun daren 14 ga Afrilun 2014 da aka sace su muke ta cewa 276, an sako kaza, saura kaza, har yaran suka zama lissafi a bakinmu, alhali kowacce tana da goshinta da kitsonta da uwar da ke gane tafiyarta daga nesa. Boko Haram ma ai jikinsu ta yi siyasa da shi, ta jera su a bidiyo cikin hijabi iri ɗaya, ta canza wa wasu suna ta aurar da su dole. To wanda ya zauna ya murza yumɓu ya fitar da hancin yarinya ɗaya da leɓenta, kun ga ya maido mata abin da aka so a shafe kenan.

Na san me wasu za su ce, mutum-mutumi ne, addini bai yarda ba. Wannan magana ce mai nauyi kuma ban raina ta ba. Amma fa ba dole sai da fuska ba. Ku duba Kolombiya, bayan sulhun 2016 'yan tawayen FARC sun miƙa makamai, sai wata mai sassaƙa 'yar ƙasar, Doris Salcedo, ta sa aka narka tan 37 na bindigogin aka yi daɓen wani gini a Bogota da aka buɗe a 2018, kuma matan da aka yi wa fyaɗe lokacin yaƙin su suka riƙe guduma suna dukan ƙarfen da aka yi zubin a kai. Babu surar kowa a wurin, tabon gudumarsu ne kawai, kai kuma da ka shiga bindigar kake takawa da ƙafarka. Wane malami ne zai hana wannan?

Abin da ke ci min rai shi ne ciwon namu ne amma a Legas da Turai ake kallonsa. Ɗaliban Buni Yadi da aka kashe a Fabrairun 2014, manoman shinkafar Zabarmari na Nuwamban 2020, wallahi ko sunayensu yawancinmu ba mu sani ba. Alhali muna da sashen zane a ABU Zariya da ya yi suna tun shekarun 1950, kafin ma makarantar ta zama jami'a, muna da maƙera da marina da masu ɗinkin hula a Maiduguri da za su iya ɗinka suna bayan suna a kan farin yadi. Gwamnatocin Borno da Yobe su ba da fili da kuɗi, amma a fara zama da iyayen tukuna, su za su faɗi sunan da suke so a rubuta da wanda suke so a bari.